Kwalin da Mama Ta Zubar

A garinmu, Struthers, duk namijin da ya haura shekara arba'in da tuni ya zama attajiri, uwarsa ce ta yi masa ƙafar ungulu. Tare kowane ɗaya a bakin titi, labari ɗaya zai ba ka. Yana yaro ya tara katunan hotunan 'yan wasan ƙwallon besbol, waɗannan da ake samu cikin ƙunshin cingam na senti biyar, ya cika kwalin takalmi da su, ya tafi soja ko ya yi aure, ya dawo ya tarar uwar ta yi shara. Yanzu da katunan suka zama tsohuwar zuma, har ana rufe su cikin gilashi ana kai su banki ajiya, sai gari ya cika da marayun kwali. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa da iyaye mata ba su zubar ba, da kowa yana da nasa, da katin bai kai kuɗin kofi ɗaya ba. Na taɓa faɗin haka a gabansu, aka dube ni kamar na yi tusa a coci.

Sarkin marayun nan yayana ne, Norbert Kuchta. Tun da aka rufe masana'antar ƙarfe yake tuƙa motar raba burodi, ba mata, ba gidan kansa, amma a cikin masu kati babban mutum ne. Dalili na farko, a cewarsa cikin kwalinsa akwai katin ɗan wasa Augie Pruzan na shekarar 1952, wanda ko hotonsa a littafi mazan nan suka gani sai sun haɗiye yawu. Da ya fara ba da labarin, a 1978, kati ɗaya ne. Ranar bikin 'yata sun zama biyu. A bana, 1991, sun kai biyar, duk sabbi fil, wai ko numfashi ba a taɓa yi a kansu ba. Dalili na biyu kuwa, sauran duk iyayensu sun kwanta dama, sai dai a yi musu tsaki a kan kabari. Tamu tana nan da ranta, shekara saba'in da tara, ana iya nuna ta da yatsa.

Kuma ana nunawa. Asabar ɗin farko ta kowane wata suke cin kasuwarsu a zauren ƙasa na cocinmu. Tebura jere, maza masu tumbi sun sunkuya da madubin ƙara girma suna leƙen kusurwar kati, ba mai taɓawa sai da hantsaki. Alƙalinsu wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Vernon Stroup. Idan ya ce kusurwa ta ɗan daku, mai katin ya kwana da hawan jini. Teburin Norbert ba abin kirki a kansa, amma ba ya rabuwa da jama'a, domin a nan ake sauraron labari. A can lungu kuma matan coci suna sayar da pirohi, curin fulawar nan namu mai dankali a ciki, kuma Mama ce shugabar tukunya. Su saya, su cinye, su suɗe yatsa, sannan su dube ta su girgiza kai. Sunan da suka sa mata Tsintsiya. Wani daga garin Akron har ya taɓa roƙon a ɗauke shi hoto da ita.

Abin yana ci mini rai ƙwarai. Matar da ta raine mu huɗu da wankin kayan mutane, ita ce yau abin nuni saboda kwalin takarda. Ita kuwa ko a jikinta. In Norbert ya ɗauko zancen a kan teburin abinci, sai ta ce, "Na zubar da abubuwa da yawa a rayuwata. Ƙara kabeji, Norbie."

A watan Satumba gwiwarta ta ƙi hawa bene, muka yanke shawarar ta dawo gidana. Ni aka bar wa kwashe tsohon gidan, don Norbert ciwon bayansa yakan tashi duk ranar da aka ambaci ɗaukar kaya. Ranar Laraba da hantsi ina ɗakin saman rufi, inda sai ka sunkuya, na miƙa hannu bayan bututun hayaƙi na jawo wani ƙunshi. An naɗe shi da tsohon mayafin tebur, an ɗaure da igiyar shanya, yana warin kafur. Kwalin takalmi ne. A kan murfin, da rubutun ɗan shekara tara: NA NORBERT NE, WANDA YA TAƁA ZAI MUTU.

Na taɓa, ban mutu ba.

Katunan sun yi laushi kamar tsumma. Rabinsu sun lanƙwashe sun yage a gefe, sai a lokacin na tuna yadda yake maƙala su a tayar kekensa don ta riƙa ƙara kamar babur. Na yi ta bincike har na samo Pruzan. Ɗaya ne tal. An zana masa ƙahoni biyu da tabarau da gemu da tawada, an huda goshinsa da ƙusa. A baya an yi lissafin bakwai sau takwas, an samu hamsin da huɗu. Na zauna a kan ƙura na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen, saboda na tuna shekara goma sha uku da Mama ta yi tana amsa sunan Tsintsiya.

Na kira shi a waya na ce ya zo ya ɗauki rediyon Baba. Ciwon bayan bai tashi ba ranar. Da ya shigo kicin ya ga kwalin a kan tebur, sai ya nemi kujera. Ya daɗe yana kallon ƙahonin nan.

"Marlene, wa ya gani?"

"Ni da Allah."

"To ai Allah ba ya zuwa kasuwar Asabar."

"Haba malam, a gidansa fa kuke cin ta."

Ya miƙo hannu. "Kawo in adana shi."

"Ka adana a bola ba. Ɗauke hannunka. Ran Asabar za ka miƙe a gaban 'yan tumbin nan ka ce uwarka ba ta zubar da komai ba, kai ne ka mayar da Pruzan bunsuru. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ka san ba na bukatar lasifika."

"Ba za ki gane ba," ya ce, murya ta yi ƙasa. "Kwana shida ina sauke burodi, ba mai sanin sunana. A wurin nan in na shiga, kujera ake matsa mini. Vernon da kansa yake zuba mini kofi."

Na ji tausayinsa, ba zan yi ƙarya ba. Na ga sanƙonsa, na ga kwalar rigarsa da ta goge. Amma haushin ya fi tausayin yawa. Na ce masa laifi tudu ne, ya taka nasa shekara goma sha uku yana hango na tsohuwa, ya isa haka. Ban gaya wa Mama komai ba. So nake a wanke ta a gaban waɗanda suka ɓata ta, in ga fuskarta lokacin.

Ran Asabar na sauke Mama da tukwanenta, na ba Norbert awa guda, sannan na sauka zauren da kwalin a hammata. Me zan tarar? Ya jingina da tebur, maza bakwai sun kewaye shi, yana cewa, "...shida cif, na jera su a kan gado kafin in tafi soja." Tsoro ya sa sun ƙara haihuwa.

Na dire kwalin a gabansa. "Ga dukiyarka, Norbert. A saman rufi na same ta, inda ka bar ta. Jama'a, ku matso, gani ya kori ji."

Jama'a suka matso. Vernon ya taso a hankali, ya sa farar safar hannu, ya karanta gargaɗin kan murfin, ya ɗan yi jim, sannan ya buɗe. Ya ɗago Pruzan da hantsaki ya kai shi ƙarƙashin fitila. Wani ya ce wayyo. Wani ya kau da kai kamar an buɗe gawa. Vernon ya duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya bar ƙahoni da ramin ƙusa sai daga ƙarshe, don komai da tsarinsa.

Lyle mai gyaran taya, wanda shi ma ya shekara yana tsine wa marigayiya uwarsa, ya sosa ƙeya ya ce, "Kai, ni ma fa kamar na tuna ina sa nawa a keke..."

"Rufe mana baki, Lyle," in ji mutum uku a lokaci guda.

A nan na lura ba Norbert kaɗai ke gumi ba. Idan uwa ɗaya ta fita daga zargi, wa ya san ta gaba? Kowannensu yana tsaye yana tuna kekensa. Vernon ya ajiye hantsaki, ya cire tabarau, ya yi gyaran murya.

"Wannan kwalin wasa ne," ya ce. "Duk yaro mai hankali a zamaninmu kwali biyu yake da shi, na wasa da na ajiya. Wannan ai shaida ce. Wanda ya samu Pruzan har ya yi masa ƙaho, ku tambayi kanku nawa yake da su a ɓoye."

Ka ji ajiyar zuciya kamar an sace iskar taya. "Haka ne!" "Ni ma biyu ne nawa!" "Nawa uku!" Lyle ya ce shi ma yanzu ya tuna, na keke daban ne.

"Ƙarya kuke, dukanku!" na ce. "Gidan nan na kwashe shi har ƙusar bango. Ɗaki huɗu ne mu shida, ina ya ga wurin kwali biyu? Ga mai gidan can, a tambaye ta. Mama! Zo ki ga abin da aka ce kin zubar!"

Ta taho tana jan ƙafa, tana goge hannu a gyalen girki. Maza suka buɗe mata hanya. Ta leƙa kwalin, ta dubi Pruzan da ƙahoninsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. Norbert bai iya haɗa ido da ita ba. Yana tsaye, ƙato mai shekara arba'in da takwas, kansa a sunkuye.

"Wannan ai ƙaramin ne," in ji Mama. "Babban na ƙone shi a bayan gida tare da busasshen ganye."

Vernon ya matso. "Uwargida Kuchta, Pruzan nawa ne a ciki?"

"Wa ya ƙirga? Wani dai mai manyan kunnuwa, na gan shi da yawa. Sun kama wuta da kyau."

Ban taɓa ganin mutane sun ji daɗin baƙin labari kamar ranar ba. Wani ya cire hula. Wani ya dafa bango. Aka matsa wa Norbert kujera, Vernon ya tafi ɗauko masa kofi da kansa. Kafin azahar pirohi ya ƙare ƙaf, kowa yana son ya ci daga hannun da ya ƙyasta ashanar. Ni kuwa na tattara kwalina na fita, ba wanda ya ko dube ni.

A mota muka kama hanyar gida har muka wuce gada. Mama tana gefe, tukunya a cinya, tana kallon titi.

"Mama, babu wani babban kwali."

"Babu."

"To don me? Na zo in wanke ki, kin koma kin kwanta a cikin taɓo!"

"Wa kike tsammani ya ɗaure igiyar nan?" ta ce. "Shekarar da aka rufe masana'anta, matarsa ta kwashe kayanta ta tafi, ya zo ya zauna mini a kicin yana kuka, wai da ban zubar da katunansa ba da yanzu shi wani ne. Yana fita na hau sama na ɗauko masa. Na buɗe, na ga ƙaho. Sai na naɗe na sa kafur na mayar."

"Ki bar shi yana zagin ki shekara goma sha uku?"

"Ke kina da miji, kina da 'ya'ya, kina da bakin da ba ya gajiya. Shi me yake da shi? Wanda bai taɓa samun komai ba, Marlene, ai a bar shi ya yi asara."

Da muka tsaya a ƙofar gida ta juya ta dubi kwalin a kujerar baya.

"Ran Talata motar shara take zuwa layinku, ko? Kada ki taɓa shi, ki ajiye mini a bakin ƙofa. Na daɗe ina cin zagin, gara in aikata da hannuna."