Muryar Gonje a Cikin Jita

Mutumin da ya rantse ba zai ƙara kaɗa jita ba, amma yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa ko a zaman tahiya, ya cika rantsuwarsa ko bai cika ba? Alhaji Kadiri, mai gyaran rediyo da lasifikar masallaci a unguwar Sakasaka ta Tamale, ya daɗe yana juya wannan tambaya, bai sami bakinta ba.

Yana cikin narka dalma Abena ta sauko daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da jita naɗe cikin zane. 'Yar Jonas ce, abokinsa da suka yi yawon kiɗa tare tun daga Tamale har Bolga, kafin Kadiri ya je Makka ya dawo da rantsuwa.

"Wofa, Papa ba ya cin abinci," in ji ta, don haka take kiransa, wato kawu. "Ya ce na sace jita nasa, na kawo masa na wani. Jiya ma ya tambaye ni ko ni 'yar aiki ne."

Tsufa ya cinye wa Jonas sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Jitar ce kaɗai ta rage masa. Watan jiya ɗaya daga cikin pikop biyu na jitar ya mutu, wato ɗan maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, mai ɗaukar sauti ya miƙa wa lasifika. Abena ta kai Kumasi aka sa sabo. Jitar ta dawo da murya mai kauri, mai tsabta. Jonas ya kaɗa sau ɗaya ya jingine ta.

Ta kwance leda a kan tebur: mataccen pikop, da wasu biyu da ta ƙara saya, waɗanda aka yi su kamar na dā, har da tsatsar ƙarya.

"Dalma zan narka miki, 'yata, aikina ne. Amma tsirkiya ba zan taɓa ba."

"To yaya za ka san wanda ya yi daidai?"

"Mitar awon wuta za ta faɗa."

Ya juya mataccen. Ya shinshina gindinsa, ya ji ƙurar tsofaffin gidajen rawa da gumin Jonas. Ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya ɗauko ƙaramin kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi in ya yi tafiya, ya kusantar da shi ga tsohon pikop da ya rage a jikin jitar. Allurar ta juya. Ya gwada sabon na Kumasi, ta juya haka nan. Ya gwada mataccen, sai ta ba da baya.

Dariya ta kuɓuce masa.

"Na Kumasi ya yi aikinsa daidai. Daidan ne matsalar."

Tun suna samari wani pikop ya lalace musu a Yendi, suka ciro wannan daga wata jita suka liƙa, ba su san maganaɗisunsa a juye yake ba. In aka haɗa biyun sai su riƙa cinye sautin juna, abin da ya saura ya fito siriri, ta hanci, kamar gonje, gogen Dagomba. Mutane suka yi ta rawa a kan kuskuren. Jonas bai taɓa bari an gyara ba.

Juya wayoyi don a maido da kuskuren ba wuya. Wuyar ita ce zaɓi. Cikin sababbin uku, har da na Kumasi, Kadiri ya watsar da ɗaya, don naɗinsa ya yi yawa. Sauran biyu kuwa mita ta ba su lamba kusan ɗaya. Ɗaya an tsoma shi cikin kaki ya yi shiru lumus, ɗayan in ka ƙwanƙwasa shi da farce yana amsawa. Ya sa mai amsawa. Ya cire ya sa mai kaki. Ya sake cirewa. Aka kira la'asar, ya tafi ya dawo, jitar na kwance tana jiransa.

Ya san akwai kaffarar karya rantsuwa, ya sha jin malamai suna bayani. Ba ita yake tsoro ba. Tsoronsa shi ne in ya fara, ba zai tsaya ba.

Daga ƙarshe ya mayar da mai amsawa, ya juya wayoyinsa. "Mu kai masa, ya kaɗa da kansa," in ji shi.

A gidansa na unguwar Gumbihini suka tarar da Jonas zaune ƙarƙashin darbejiya, kwanon tuwon banku a gefensa ƙudaje na zagayawa. Ya rame har agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu.

"Abokina, ga kayanka," in ji Kadiri.

Jonas ya dubi farar hula da gemun, bai gane ba. Ya dubi jitar ya kau da kai.

"Ku mayar wa mai shi. Ni ba na taɓa kayan sata."

"Papa, sau ɗaya kawai."

"Ke wa ya ɗauke ki aiki a gidan nan?"

Abena ta jona lasifika, ta ja tsirkiya da babban yatsa. Wani ƙara ya fito mara kan gado, irin wanda kowace jita za ta yi. Jonas ko motsi. Ta ajiye, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Kadiri ya kai bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya dawo. Ya ce wa Abena ta miƙo masa kujera, don ƙafarsa na ciwo, sai kuma ya ga jitar a kan cinyarsa ba tare da ya tuna ɗaukarta ba. Ya yi bisimilla a hankali, bai tabbata ko wurinta ne ba.

Tsirkiyar ta yanki fatar yatsunsa da ta yi laushi. Muryar ta fito siririya, ta hanci, tana kuka kamar gonje a ƙofar fada. Ya kuskure sau biyu.

Jonas ya ɗaga kai.

"Abena," in ji shi, "karɓe mini jitata daga hannun Kadiri. Har ya zama Alhaji bai iya riƙe kiɗa ba."

Abena ta miƙa hannu tana share ido da ɗayan. Kadiri bai ba ta ba. Ya sunkuyar da kai, ya koma farkon waƙar.