Ranar Da Na Ba Da Hayar Hannuwana

Jiya da rana tsaka, bayan na ci ɗanwake na kishingiɗa a zaure, rediyo a kan cikina ana ta jawabin 'yan siyasa, sai barci ya sace ni na yi wani mafarki.

Ga ni a ƙofar wani ƙaton filin taro, muna ciniki da wani bunsuru. Ya sha babbar riga ruwan toka, an rataya masa kati a wuya da rubutun boko. Ni ban iya karatun boko ba, amma daga yadda yake tauna goro yana kallon bayana na san Sakatare ne.

Ya ce, "Baba Ilu, hannuwanka muke so. Haya, ta yini ɗaya."

Na ce, "A yi me da su?"

"A yi tafi da su. Yau ne babban taron Jam'iyyar Gobe na ƙasa baki ɗaya. Wakilai sun zo daga ko'ina, amma tun da suka hau kujera tafin hannunsu ya koma kamar burodi, in sun tafa ba a ji. An ce mana shekara talatin da biyar kana wankin hula a bakin tasha, in ka buga hula har bayan gari ana ji."

Ni ba yaro ba ne. Na yi dako a Ikko, na bi motar goro har Kumasi, na san ba a karɓar tayin farko. Na ce albarka. Ya ce to in faɗi abin da nake so.

Na ce, "Kwalbati. Kwatar da ke gaban rumfata ta ishe ni. Da damina duk mai kawo hula sai ya tuɓe takalmi ya naɗe wando. Bara wani dillalin shanu ya faɗa ciki, har yau ba ya gaishe ni."

"An gama. Ɗan Takara da bakinsa zai ambaci kwalbatinka a jawabin rufe taro."

"Ambata zai yi, ko yi za a yi?"

"Baba, a nan garin duk ɗaya ne."

Na ce na sallama. Na miƙa masa hannu mu gaisa, ya riƙe abinsa ya jefa a buhu. Ya ce ɗayan ma. Babu zafi ko kaɗan, kamar mutum ya cire takalmi a ƙofar masallaci. Ya rubuta yarjejeniya a takarda, ya karanta mini, ya naɗe ta ya cinye. Ya ce haka suke ajiya a ofishinsu.

Na shiga filin. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama, don haka an shimfiɗa rumfunan a ƙasa an jera kujeru a kansu. Kan kowa a bushe, ƙafar wandon kowa a jiƙe. Babu wanda ya damu.

Wata zabuwa ta tare ni da makirfo. 'Yar jarida ce.

"Baba, yaya ka ji jawabin?"

Na ce, "Ai ba a fara ba."

"Shi ya sa muke tambaya tun yanzu. In an fara wa zai ji?"

Na ce to jawabi ya yi kyau. Ta ce wannan na mutumin baya ne, ya riga ni faɗa, in nemi wani. Na ce jawabi ya ratsa jiki. Ta rubuta da ƙafa ta wuce.

Kujerar da na samu kusa da wani bawan Allah ce, mai farar shadda, ba shi da kai. Hularsa a kan wuya take zaune. Na yi masa sallama, ya amsa daga aljihun gaba, murya ƙasa-ƙasa kamar rediyo mai tsohon batir. Ya ce sunansa Malam Tanimu, wakili ne daga wata ƙaramar hukuma da ba ta da hanyar mota.

Na ce, "Malam, ina kan?"

"Haya na ba da shi, na yini ɗaya, don gyaɗawa. Shekara takwas ke nan. Ga shi can layi na biyu, bayan Shugaban Jam'iyya."

Na duba. Ga kai kuwa a kan kujera shi kaɗai, yana ta gyaɗawa, alhali ba wanda ya ce komai tukuna.

Na ce, "Ya yi kumatu."

"Haka ake gaya mini. Ni dai ban gani a jikina ba." Aljihun ya motsa. "Kai kuma me ka bayar?"

"Hannuwa."

"Ayya. Ba su gaya maka ba ko? Duk hannun da ya tafa wa jawabin rufe taro ya zama na jam'iyya, shekara huɗu. In an sake cin zaɓe a sake sabon lale."

Na tuna da rumfata. Na bar hulunan mutane jiƙe a baho, ga gobe Juma'a. Ban da wannan ma, da me zan ci tuwo, da me zan yi alwala? Na so in yi tagumi, ba abin yi da shi.

Aka fara jawabai. Shugaban Jam'iyya ya tashi ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya gaida ƙananan baƙi, ya gaida direbobinsu, ya gaida kujerun da ba kowa a kai, sannan ya ce saboda ƙurewar lokaci zai tsaya nan. Wuri ya kaure da tafi.

A nan na hango hannuwana. An kafa wani dogon tebur a gaban dandamali, an jera hannuwan haya a kai kamar kifi a kasuwa. Nawa ne a kan gaba. Na gane su da tsagar sitaci da ɗan yatsan hagu da ƙofar mota ta taɓa datsewa. Su ke farawa, sauran su bi. In suka buga, fam, sai ka ga tutoci sun girgiza. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na so in zunguri Malam Tanimu in ce ka ga yarana, sai na tuna ba ido ba hannu tsakaninmu.

Mai jawabi na biyu cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya, sai lasifikar ta yi jawabin ita kaɗai. Ta fi kowa samun tafi. Wasu wakilai a bayana suka ce lallai a ba ta mataimaki.

"Wallahi ta kashe 'yan adawa," in ji ɗaya.

"Me ta ce?" in ji ɗayan.

"Oho. Kai dai ba ka ji ƙara ba?"

Wani mai jar hula ya suma don daɗi. Jami'an tsare-tsare suka zo suka duba takarda, suka ce ya yi gaggawa, sumansa sai a jawabi na huɗu. Ya tashi ya ba da haƙuri, ya kakkaɓe riga ya zauna yana jira. Wata Hajiya kuwa tun jawabin farko take kuka. Na tambaye ta abin da ya taɓa mata zuciya haka, ta ce ƙafar kujera ce a kan ɗan yatsanta, amma tun da an ɗauke ta a talabijin ba za ta motsa ba.

Na lallaɓa na isa gaban teburin. Na sunkuya na ce, "Kai, ku taso mu tafi gida." Na dama an sa masa zoben azurfa, ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Na hagu ya ɗan ɗago mini yatsu biyu, irin yadda manya ke yi ta tagar mota.

Sai ga ni a ofishin Sakatare. Awaki cike da teburori, kowace tana cin fayil ɗinta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yini ɗaya muka yi da kai."

"Ina takarda?"

"Ka cinye."

Ya yi gyatsa. "To ka ga magana tana ciki. A dawo bayan zaɓe."

Na koma kujerata. Ana jawabi na huɗu, mai jar hula ya suma a kan lokaci, aka yaba masa. Ni kuwa ina zaune ina tunani, sai wani wari ya bugi hancina, warin da na fi sani a duniya. Na waiwaya. Hular Malam Tanimu ce. Kube ce mai kyau, ɗinkin hannu, amma shekara takwas ba ta ga ruwa ba. Maiƙo ya zagaye bakinta baƙi ƙirin, har yana ƙyalli.

Na matsa kusa da aljihunsa na ce, "Malam, kai kana da hannu ba kai, ni ina da kai ba hannu. Mu yi ciniki."

"Cinikin da na yi na ƙarshe ka ga inda ya kai ni."

"Wannan ba takarda. In na ce jefa, ka cilla hularka sama, wajen dama. Ni kuma in wanke maka ita kyauta, har da sitaci."

"Wa zai ga kyanta?"

"Kanka na layi na biyu. Ya gani ya ji kunya."

Aljihun ya yi 'yar dariya. Ya ce ya sallama.

Aka kira Ɗan Takara. Dogo ne, rigarsa sai da mutum biyu suka riƙe mata hannuwa. A ƙa'idar wurin ba a tafa wa jawabin rufe taro sai ya kai ƙarshe, don haka hannuwan kan tebur suka tashi tsaye suna jira. Ya ce za su jawo teku zuwa Arewa, kowace unguwa ta samu gaɓa. Ya ce za su yi wa rana rumfa. Ya ce daga bana za a riƙa haihuwar yara da takardar shaidar gama makaranta, a huta. Kan Malam Tanimu yana ta gyaɗawa har kumatu na rawa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Kuma za mu yi wa Ilu mai wankin hula kwalbati!"

Wallahi da na ji sunana a lasifika sai da raina ya so a tafa. Hannuwana suka buɗe, suka ja baya za su haɗu.

Na ce, "Jefa!"

Hula ta tashi. Ruwan nan mai tafiya sama ya tallafe ta, ya kai ta daidai saman teburin tana juyi. Na buɗe murya kamar yadda nake yi kowace safiya a bakin tasha: "A kawo hula! Wanki da bugu!"

Shekara talatin da biyar ba wasa ba ce. Na dama ya yi tsalle ya cafe ta. Na hagu ya juya cikinta waje, ya sa farce ya kankari bakin, ya tsaya cak kamar mai salati. Suka dudduba, ba sabulu a tebur. Sabulu yana aljihuna. Suka sauko da gudu a kan yatsu, suka bi ta ƙarƙashin kujeru, suka hau jikina kowa ya koma mazauninsa. Na dama ya ɗan yi ƙiba, sai da na murɗa shi ya zauna. Na tara ruwan da ke tasowa daga ƙasa na hau cuɗa.

Sauran hannuwan suna tsaye a buɗe, suna jiran wanda zai fara. Ba wanda ya fara. Filin nan ya yi tsit.

Cikin shirun sai jawabin ya bugi bangon ƙarshen fili ya dawo, tun daga teku har kwalbati, kalma bayan kalma. Ɗan Takara ya karkata kai yana saurare. Ashe bai taɓa jin kansa ba.

Ya ce, "Wane ne wannan mai zuba haka?"

Aka ce, "Ranka ya daɗe, kai ne."

"Ni na ce teku?"

Sakatare ya iso kaina gemu na rawa. "Baba Ilu, ka kashe mu. A dokar jam'iyya, alkawarin da aka tafa wa shi ke nan ya cika. Wanda ba a tafa wa ba, dole a yi shi da gaske."

Na ce, "To ku fara da mai sauƙin."

Sai ga mu a gaban rumfata. Ɗan Takara ya naɗe wando har gwiwa yana kwaɓa siminti da shebur, mutum biyun nan suna riƙe da rigar kada ta taɓa kwata. Wakilai sun yi layi da kwanon sarki a ka. Malam Tanimu na zaune a bencina, hula fes a kan wuya. Zabuwa ta miƙo mini makirfo ta ce yaya na ga aikin. Na ce a bari a gama tukuna. Ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ra'ayi ba, ba ta san inda za ta rubuta shi ba.

Aka zuba siminti. Ɗan Takara ya ɗauki katako yana daddaɓe shi, faf, faf, faf.

Faf, faf, faf. Na buɗe ido. Matata Tabawa ce take kakkaɓe tabarma a jikin bangon zaure. Rediyo ya zame gefe, mai labarai yana cewa jama'a sun yi ta tafi har na tsawon minti goma. Na ɗaga hannuwana na duba. Suna nan, ba zobe.

Na ba ta labari. Na ce da ta ƙara mini ko minti biyar da simintin ya bushe.

Da la'asar na fita rumfa, na tuɓe takalmi na naɗe wando na tsallake kwata. Ina cuɗa hulunan Juma'a ina duba wanda ya ci da wanda aka ci. Malam Tanimu ya samu hula mai tsabta, kan dai yana layi na biyu. Sakatare ya tashi da takarda a ciki. Ɗan Takara na bar shi da teku a gaba. Ni na tsira da hannuwana, kwalbati kuma yana can inda na baro shi, ɗanye. Tabawa ta ce duk cikinmu ita ce ta yi asara, don hannuwan da aka sha wannan wahala a kansu sun dawo gida, amma ko gefen tabarmar ba su kama mata ba.