Rakiyar Baƙon da Ya Sauka a Kan Tunkiyata

Jiya da dare na yi wani mafarki, ni da ba na mafarki. Idan na kwanta, na kwanta. Amma jiya da abu a raina na kwanta. Tunkiyata uda, mai tsohon ciki, ta kama zagaya turke ta hagu, kai a karkace, kunne ɗaya a sake, miyau na dalala. Isiyaku malamin dabbobi ya duba ta, ya ce sunan ciwon listeriya, a yi ta yi mata allura, wataƙila ta tashi. Ɗana Haladu ya ce a sa wuƙa tun tana numfashi. Tun da na kafa gida dabba ba ta taɓa yin mushe a hannuna ba, kuma duk gari ya sani. Na ce wa Haladu ya shirya da safe.

Sai ga ni a wata ƙasa da rana tsaka, igiyar uda a hannuna. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya tafi sama. Hulata a bushe, wandona sharkaf. Hanyoyin garin duk a lanƙwashe suke. Mutum ya fita kasuwa, ya dawo ƙofar gidansa, ya ce kasuwa ta yi kyau.

Na tambayi wata tsohuwa inda ake kai ƙara.

"Miƙe ta hagu," ta ce.

Ofis ne. Awaki ke aiki. Babbansu bunsuru ne mai tabarau, gemunsa ya fi nawa tsawo. Ban ji daɗin haka ba.

"Sunanka?"

"Nomau."

"Me aka yi maka?"

"Wani ya shiga kan tunkiyata ba sallama. Wai listeriya."

"Wanne daga cikinsu?"

"Ashe ba ɗaya ba ne?"

"Dangi ne. Kai kaɗai ne Nomau a garinku?"

Na ce akwai wani a bayan kasuwa, ba ma gaisawa.

"To ka gani," ya ce, ya ciji gefen tebur ya tauna.

Ya kai ni wani zaure. Dangin suna zaune a tabarma, ko ƙwayar riɗi ta fi su girma, amma murya ta manyan maza. Fuskarsu iri ɗaya. Na gaishe su a tsaye.

Na farko ya ce shi ba ya taɓa kowa, a turɓaya yake zaune tun kakanni, sunan gida ne kawai ke ja masa zagi. Wani siriri ya ce shi ciki yake bi, idan ya shiga tunkiya ɗan ya faɗo kafin lokacinsa. Ya dubi cikin uda ya tambayi watanta nawa. Na ce ba ruwansa.

A kusurwa wata saniya na tuƙa.

"Ni ma suna sauka wajena," ta ce. "Yawanci su ci su wuce ta baya. Wani lokaci su kwantar da ni. Amma ni gidana da faɗi. Tunkiya ɗaki ɗaya gare ta."

"Mu ma awaki muna faɗuwa," in ji bunsuru. "Shi ya sa muka karɓi aikin ofis. A zaune ake yi."

Sai wani ya leƙo daga kunnen uda, wanda ya saki. Ƙaƙƙarfa ne, da buzunsa a kafaɗa.

"Ni ne na kai," ya ce. "Sannu da zuwa, mai gida."

"Ta ina ka shiga?"

"Kara ya ƙuje mata baki. Na bi jijiya na hau."

"Wa ya sauke ka a gidana?"

"Kai. A gindin harawarka, inda ta yi baƙi ta yi laushi. Mun ji daɗin wurin, Allah Ya saka."

"Harawata na rufe ta da leda."

"Daga sama. A kan ƙasa ka jibge ta, ruwa ya zo ta ƙasa."

"Wannan a garinku ake yi."

"Damshi ko'ina daga ƙasa yake hawa, tsoho."

Na sauya zance. Ba don ya fi ni gaskiya ba. Ba na jayayya da wanda bai kai riɗi ba.

Na ce ya tattara buzunsa ya fita. Ya ce shi ɗan mutunci ne, ba ya barin gidan dattijo sai da rakiya. Wannan gaskiya ne, ban taɓa sallamar baƙo daga zaune ba. Na sa shi gaba, ina jan uda a baya, muka kama hanya. Muka wuce rijiyar da ake zuba wa ruwa da guga. Muka wuce mahauta, inda raguna ke zaune suna fifita, ba ciniki. Hanya ta yi ta karkata hagu. Can sai ga zauren da muka baro.

"Salamu alaikum," in ji baƙon, ya koma cikin kunnen.

Na sake fito da shi. Na sake raka shi. Muka sake isowa. Ya ce bai taɓa ganin mai karamci irina ba. Kowace dawowa kan uda na ƙara yin ƙasa, har ta durƙusa a kan gwiwa, ruwan na dukan haɓarta.

"Baba, na gaji," ta ce. "Na cikina yana tambaya ko mun iso."

Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Irin ta mutanen Gobir ce.

Bunsuru ya iso a kan keke, yana tuƙawa da baya.

"Rakiya ba ta fitar da shi," ya ce. "Abu biyu kawai ke tafiya a miƙe a ƙasar nan. Wuƙa da allura."

"Wacce ta fi tabbas?"

"Wuƙa. Ba ta taɓa ɓatan hanya ba."

"Allura fa?"

"Takan isa, takan makara. Tumaki ba su iya jira ba."

"Idan ta makara?"

"Ka yi mushe. Gari ya ji. Wancan Nomau ma ya ji."

Na dubi uda. Ido ɗaya ba ya ƙiftawa, ɗayan yana kallona.

"Idan abin ya zo, Baba, zan yi a hankali," ta ce. "Bayan rumbu. Ba wanda zai sani."

Ni ban roƙi sutura wajen tunkiya ba. Ban taɓa ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Na miƙa wa bunsuru hannu.

"Ba ni allurar."

Ya laluba aljihu, ya fito da ganyen rama ya ci.

"Ba a nan ake bayarwa ba," ya ce. "Nan ƙara kawai muke karɓa."

Sai na ji ƙarfe na gogar dutse, a hankali, gaba da baya. Na buɗe ido. Gari ya waye. Haladu ne a bayan ɗaki yana wasa wuƙa.

Daga kan gado na ce ya ajiye, ya ɗauki keke ya kira Isiyaku.

"Baba, idan ta mutu fa?"

"Ni zan ja ta da hannuna," na ce. "Ta bakin kasuwa, kowa ya gani."