Bugun Bututu

Merv Tuckwell ya durƙusa a tsakiyar banɗakin, ya ajiye lemun tsami, ya sake shi. Lemun ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya gangara zuwa ramin fitar ruwa.

"Kin gani? Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Kawu, akwai ma'aunin gangara a motata," in ji Raelene, 'yar ƙanwarsa mai gyaran famfo. "Amma ci gaba da shawara da lemu."

Kwana huɗu ke nan yana abu ɗaya. Ya ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, ya shimfiɗa allunan siminti, ya bi su da ƙusa kusa-kusa, don in ƙasa tana motsi tayil tsagewa zai yi. Asibiti sun ce matarsa Glenys, da aka yi wa aikin ƙugu, ba za ta dawo ran Juma'a ba sai banɗakin ya zama ba tudu ba santsi. In ba haka ba, gidan tsofaffi. Merv ya rantse Juma'a a gadonta za ta kwana.

Raelene ta kashe famfo. Gwam! Bututun ruwa ya bugi katako, gidan ya amsa.

"Wannan bugun ma yau zai mutu," in ji ta.

Ta sauka ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙai, inda Merv ke da teburin aikinsa. Ta naɗe bututu da soso, ta ɗaure shi a jikin katako gam. Aka buɗe famfo, aka kashe. Tsit.

Merv, da ya biyo ta, ya dafa teburin, bai ji komai ba. Shekara arba'in Glenys na kiransa da bututun nan, ta buɗe famfo ta kashe. Bugu biyu, shayi ya yi. Uku, taso yanzu. Kunnuwansa sun gaji, amma bugun ta katako yake biyowa har tafin hannunsa.

Ya ɗauko sifana ya sassauta maɗauri guda.

"Kawu! Aikin awa biyu fa!"

"In ta zame a sama ina nan ƙasa, wa zai gaya mini? Lemu?" Bai kalle ta ba. "Ki sauko mata da kan famfon, inda hannu zai kai ko daga kwance."

Raelene ta daɗe tana kallonsa, sannan ta hau matakala.

Gwam. Gwam.

Teburin ya girgiza a ƙarƙashin hannunsa.

"Biyu shayi ne, yarinya!" ya ɗaga murya. "Kin dafa?"