Warin Tafarnuwa

A gidan kaso, hancin Gardi Hayatu ya fi ma'aunin likita aiki. Shekara goma sha ɗaya yana shinshina hammatar ɗaurarru, ya san dabararsu sarai: mutum ya danna tafarnuwa a hammata, jiki ya ɗau zafi, a ba shi hutu. Doka kuwa a fili take. Mai ciwo a kai shi likita, mai ƙaryar ciwo a ƙara masa kwana uku a ramin marmara.

Shekarar da za a sauke tutar Faransa, ana gaggawar gyaran hanya kafin biki, sai Gado ya kasa tashi daga tabarma. Manomi ne daga Cadakori, faɗan iyakar gona ya kawo shi.

"Ranka ya daɗe, haƙarƙarina ne. Numfashi ma da ƙyar."

Hayatu ya duƙa, ya ja hanci, ya yi dariya.

"Kai, Bagobiri! Miya kake dafawa a cikin riga?"

"Tafarnuwa ce, matata Kande ta dako ta da man shanu, don ƙirji. Haka muke yi a gida."

"Wannan ma sabuwa ce. Ɗau diga."

Gado ya sunkuyar da kai ya ɗauki digar, abin da Hayatu ya ɗauka kunyar wanda aka kama ce. Gado ya yi sara a ramin marmara ranar farko. Ta biyu ya yi shi a durƙushe. Ta uku, da hantsi, ya kifa kan digar.

Babu amalanke kusa. Hayatu ya miƙa wa wani gardi bindigarsa, ya goya Gado har asibiti, zafin jikin mutumin yana ratsa masa kaki. Likita ya kara kunne a ƙirjin, ya ɗago.

"Tun yaushe?"

"Yau ne," in ji Hayatu.

Kafin la'asar Gado ya cika.

Bayan sadakar bakwai, Kande ta zo ƙofar kaso tana tambayar gardin da ya ɗauki mijinta. Ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar ƙwan zabi a gabansa.

"An ce kai ka goye shi, malam, kamar ɗan'uwanka. Allah ya ba ka mai yi maka haka."

Ɗaurarru suna bakin rijiya da guga a hannu, sun daina ja, suna kallonsa.

Hayatu ya dubi ɗaurarrun. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙwaryar.

"Amin," ya ce.