Shekarar da Kaka Ya Ƙi Cewa A Yanka

Ranar Lahadi ce ta ƙarshen watan Satumba, ana wani irin zafi da ba na lokacin ba. Iska ta tsaya cak, ƙudaje sun cika tsakar gida, sama ta yi fari fat kamar an watsa mata toka. Duk wanda ya taɓa noman inabi a kwarin kogin Lot, a kudancin Faransa, ya san abin da irin wannan zafin ke jawowa. Rediyo ta faɗa, wayoyinmu ma sun faɗa: hadari mai ƙanƙara na tafe a tsakiyar mako.

Maƙwabta duk sun kwashe inabinsu. Mu ma ranar Asabar muka gama kwashe na gonakin gangare, wanda ake yin giyar yau da kullum da shi. Saura Peyral, tsohuwar gonar kan tudu da mahaifin Kaka ya dasa. Daga ita ake yin baƙar giyar da ta sa aka san gidanmu na Laubertie. Tana sabuwa ba ta shawuwa, ɗaure harshe take yi. Sai ta kwanta shekara goma sha biyar a ɗakin ƙasa kafin ta saki jiki, kuma akwai mutanen da ke saye su ajiye wa jikokin da ba a ma haifa ba.

Ni na yi aikin Peyral a shekarar, ni kaɗai. Na bar makaranta ina ɗan sha shida. Na yi wankin kwanuka a Toulouse, na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Sète, na yi kai wa mutane abinci a kan babur har aka sace babur ɗin. Da na dawo gida cikin sanyi, Kawu Léonce, yayan mahaifiyata wanda ke tafiyar da gonakin, ya miƙo min almakashi ya ce, "Tunda ƙafarka ba ta zama, hau tudu. In bazara ta same ka ba ka gudu ba, zan yanka maka agwagwa." Ban gudu ba. Na datse rassan kurangun inabin nan har yatsuna suka tsattsage, na ɗaɗɗaure su, na yi noman da fartanya saboda tarakta ba ta shiga tsakanin layukan. Shi ne abu na farko a rayuwata da na fara kuma na hango ƙarshensa.

Amma a gidanmu ba a sa almakashi a Peyral sai Kaka Firmin ya ce a sa. Yakan hau tudu da sandarsa, Mama na biye da shi, ya tsinki ƙwaya nan, ya tsinki wata can, ya tauna fatar, ya fasa ƙwallon da haƙori. In ƙwallon ya daina ɗaci sai ya tofar ya ce, "A yanka." Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi tun kafin a haifi Mama. Akwai na'urar auna zaƙi a aljihun Kawu, amma ta gonakin gangare ce. Peyral bakin Kaka take jira. Ranar Juma'a ya hau, ya sauko ya ce da saura. Ni kuwa na tauna, Kawu ya tauna, har tsuntsaye sun tauna. Inabi ya nuna.

Da wannan haushin na zauna cin abincin ranar Lahadi. Mama ta yi miyar kabeji da naman agwagwa, aka aike ni ɗakin ƙasa na ɗauko tsohuwar kwalba. Ina cire toshin na ji wari kamar na jiƙaƙƙen buhu. Toshin ya lalata giyar, abin da kan faru jefi-jefi. Kafin in yi magana Kawu ya karɓe ta ya zuzzuba. Ya kai kofi hanci, ya ajiye. Mama ma ta ajiye nata ta hau yanka burodi. Kaka kuwa ya tsiyaya tasa a sauran miyar da ke ƙasan kwano kamar yadda tsofaffinmu ke yi, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye, ya goge gashin baki.

Ya ce, "Kun ji? Wannan ita ce giya. Kai ɗan yawo, sha ka ji abin da ba a sayarwa a inda ka yi wankin kwano."

Na ce, "Tsoho, wannan giyar ta mutu."

Kawu ya take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata.

Na ce, "Ta mutu, Kaka. Kare ma ba zai lasa ba. Kawu ya ji, Mama ta ji, kai ne ba ka ji ba. Bakinka ba ya jin komai. Kuma wai wannan bakin ne za mu zauna muna jira har ƙanƙara ta cinye min aikin shekara?"

Mama ta ce, "Cyprien!"

"Ƙarya na yi? Ku ce ƙarya na yi mana!"

Kaka ya dubi Kawu, Kawu ya dubi kwanonsa. Kaka ya juya ya dubi Mama, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ninke tsumman goge baki a hankali, ya jawo sandarsa.

Ya ce mata, "Gobe zan hau. Ni kaɗai. Odile, ki zauna a gida."

Bayan ya fita Mama ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Ka san abin da ka yi? Kai kaɗai ne mai hanci a gidan nan? Tun ciwon da ya kwantar da shi, lokacin kana can kana yawonka, komai ɗaci yake masa. Madara ɗaci, zuma ɗaci. Shi ya sa nake bin sa. Ina taunawa a bayansa, in na ji ya yi sai in ce, 'Baba, in je in wanke kwanduna?' Shi kuma sai ya ce a yanka. Ya sani, na sani, ba mu taɓa furtawa ba. Ranar Juma'a ban ce ba saboda masu yanka suna can gangare. Gobe da safe na shirya faɗa masa."

Na ce, "To me ya hana ku gaya min?"

"Ba a gaya wa kowa."

"Ni kowa ne? Ni na yi wata tara a kan tudun nan!"

Ta ce, "Ba a faɗar irin wannan, Cyprien. Gani ake yi."

Har yau in na tuna wannan maganar sai raina ya ɓaci. Gani ake yi. Gida guda, tebur guda, ana ɓoye min abin da aikina ya rataya a kansa, sannan a ce laifina ne da ban yi duba na gano ba.

Litinin Kaka ya hau shi kaɗai. Muna tsaye a tsakar gida muna hangen baƙar hularsa tana shiga layi tana fita. Ya sauko yana haki, ya wuce mu ya ce, "Da saura." Talata ma haka. Na tare shi a bakin rijiya.

Na ce, "Kaka, na ji, na yi rashin kunya. Ka zage ni, ka kore ni. Amma ka ce a yanka."

Ya ce, "Ka ce bakina ya mutu. To na tauna da mataccen bakin, ɗaci na ji. Ban taɓa cewa a yanka ina jin ɗaci ba tare da..." Ya katse maganar. Ya ce, "Matsa min, mai wankin kwano."

Na tafi wurin Kawu. Yana cikin rumbun giya yana wanke gangunan da aka tanada wa Peyral, sababbi, na itacen da aka yi odarsa tun bara.

Na ce, "Kawu, kai ke biyan ma'aikata. Ka ba da umarni."

"Ubana na raye."

"Na san yana raye. Inabin ne zai mutu."

Ya ce, "Ba ni zan cire masa hula a gaban ma'aikata ba. Kai ka cire masa a kan tebur, ya isa."

"To ka je ka lallashe shi!"

"In ce masa me? 'Baba, yaron ya yi gaskiya'? Je ka ka nemi abin yi, ka cika min kunne."

Ya ci gaba da fesa ruwa a cikin gangar da ya san ba lallai ta ga giya ba. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai furfura a gemu, yana tsoron kalma biyu.

Laraba da safe zafin ya ƙaru, gefen yamma ya fara yin baƙi. Na ɗauki almakashi da kwanduna na hau. Masu yanka na zaune a gindin bishiya a bakin gonar, Kawu na biyansu kuɗin zama tun Litinin. Shugabarsu Idalina, wata tsohuwa 'yar Portugal da ta girme ni a aikin gidanmu, tana ɓare lemo.

Na ce, "Iya Idalina, ku tashi mu yanka. Ni na ce."

Ta ce, "Kai ka ce? Yaushe aka naɗa ka, ban ji ƙararrawar coci ba?"

Sauran suka kwashe da dariya.

"Ba kwa ganin sama?"

"Muna gani, ɗana. Gwiwata ma ta gani tun jiya. Amma in na sa almakashi a nan ba tare da tsohon ya ce ba, baɗi wace gona zan je? Zo ka sha lemo, ka yi ja kamar tumatir."

Na shiga layi ni kaɗai. Ina yanka ina zagi, na zagi Kawu, na zagi sama, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro wannan al'adar. Can na ɗaga kai na ga Kaka zaune a kan dutse a ƙarshen layin, sanda tsakanin gwiwoyi, yana kallona. Bai hana ni ba. Ruwan inabin ya manne min a hannu, baƙi, mai kauri, ƙamshinsa har cikin kai. Ban taɓa ganin inabi mai kyan wannan ba, kuma Idalina ma daga baya ta ce rabon da ta ga irinsa tun tana da haƙoranta duka.

Kwandunan da na cika na jera su a bakin hanya. Kawu ya zo da tarakta ya ɗora su, na ji daɗi, na zaci ya sauko. Sai na ga ya nufi babban tankin giyar gangare.

Na bi shi da gudu ina ihu. "Kawu! Na Peyral ne!"

Ya ce, "Wanda aka yanka ba da izini ba, ba na Peyral ba ne." Ya juye su a cikin giyar da ake sayarwa a jarka.

Da na ɗaga hannu a lokacin, da ban san inda za a tsaya ba. Abin da ya hana ni iska ce. Ta taso gaba ɗaya, mai sanyi, ta kwashe hular Kawu. Aka yi tsawa. Ɗigon farko manya ne, jefi-jefi, sannan ƙanƙara ta sauko. Rufin rumbun ya ɗauki ƙara kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Mama ta fito da bargo a ka tana kiran babanta, ni da ita muka hau tudun muna zamewa. Mun same shi a ɗan ɗakin duwatsu na makiyaya da ke gefen gonar, masu yanka sun ja shi ciki. Goshinsa ya fashe kaɗan. Muka cunkushe a ciki muna kallo ta ƙofa, ganye na tashi, inabi na fashewa, ruwan da ke gangarowa tsakanin layuka ya koma ja.

Ba ta daɗe ba. Da ta tsaya, gonar ta yi fari kamar tsakiyar hunturu, kurangun sun zama tsirara. Kaka ya fita, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki wata fasasshiyar ƙwaya daga cikin laka. Ya sa a baki, ya tauna. Kowa na kallonsa. Mama na tsaye a bayansa, bakinta a rufe.

Ya tofar ya ce, "A yanka."

Kuma wallahi suka yanka. Idalina ta ɗaure ɗankwali, Kawu ya kawo kwanduna, suka shiga laka suna tsince ragowar da fuskar mutanen da ke aikin kirki. Wannan ne ya fi ƙona min rai, fiye da ƙanƙarar. Na jefar da almakashina na sauko. Abin da suka tsinto kafin ya kai rumbu ya fara tsami, ƙarshenta masu dafa barasa aka ba wa kyauta.

Ga abin da aka rasa. Inabin Peyral gaba ɗaya, da kwando goma sha ɗaya da na yanka aka juye a giyar jarka. Ganga goma sha huɗu da suka kwana babu komai a ciki, kwalba wajen dubu huɗu ke nan. Kurangu sittin da ƙanƙara ta raunata har suka bushe kafin bazara. Gilashin tarakta, da tagogi uku na rumbu. Shekara guda da babu sunanta a ɗakin ƙasa. Sai ma'aikaci ɗaya, domin kafin a fara datse rassa na hau jirgin ƙasa zuwa Bordeaux.