Awon Gidan Malam Abdulrauf

Dillalin bai wuce zaure ba. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, sannan ya ce wa Mansir, "Wannan ai kango ne. Fili kawai za a saya, shi ma ba wani babba ba. Miliyan tara, albarkacin marigayi."

Hafiza tana bayan ƙofar shiga cikin gida, ta ji komai. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinsu, Malam Abdulrauf, kuma gidan nan na Ƙofar Ran shi ne duk abin da ya bari. Yayanta Mansir ya ce zai saye kason ƙannensa mata biyu a kan farashin dillali. Ƙanwarsu Ni'ima, bazawara mai 'ya'ya uku, har ta riga ta ce to.

"Yaya, mutumin nan bai ga tsakar gida ba, bai ga rijiya ba," in ji Hafiza bayan dillalin ya tafi.

"Sana'arsa ce. Ke taki ɗinki ce."

Washegari ba ta buɗe shagonta na Kasuwar Muda Lawal ba. Ta ɗauko tef ɗin da take auna riguna da shi, mai tsawon ƙafa biyar, da guntun alli. Daga bakin zaure ta fara, tana durƙusawa tana zana layi, tana matsawa, har bangon bayan madafa. Sau ashirin da biyu ta shimfiɗa tef a tsawo, sau goma sha uku a faɗi. Gwiwoyinta suka yi fari da ƙasa. Ta hau turmi ta caka bakin almakashi a azarar giginya ta ɗakin mahaifiyarsu, ƙarfen bai shiga ba.

"Inna, yaushe aka yi rufin nan?"

"Shekarar da aka kawo ni. Arba'in da huɗu ke nan."

Gida uku aka sayar a unguwar cikin shekara biyu. Inda dillali ke tsayawa a waje, mace sallama kawai take yi ta shige. Ta fara da na Hajiya Salma, ta same ta tana ɗaure kwanuka, 'ya'yanta sun sayar za su mai da ita Gwallameji.

"Miliyan sha huɗu suka karɓa," in ji tsohuwar. "Auna, 'yar nan. Ni ma da na samu mai auna mini."

Ƙafa tamanin ne da hamsin, kuma babu rijiya. Gida na biyu ginin bulo ne, bai kai shekara goma ba, amma bangonsa ya tsage daga taga har ƙasa. An sayar da shi sha shida. A na uku matar gidan ta ga tef a hannunta, ta ce ba ruwanta da 'yan haraji, ta tura ƙofa. Hafiza ta bi katangar ta waje tana aunawa a tsakiyar rana, masu keke suna rage gudu suna kallonta, wani har da tambayar ko wando za ta ɗinka wa bangon. Ba ta ɗaga kai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanen mahaifinsu, Baffa Modibbo, ya tara su a tsakar gida. Hafiza ta buɗe littafin da take rubuta awon masu ɗinki, ta karanta gida-gida: girma, shekaru, abin da aka biya. Ba ta ɓoye aibin nasu ba. Ta ce damina ta ci bangon yamma, kuma mota ba ta shiga lungunsu, don haka ta rage.

"Duk da haka, Baffa, bai gaza sha bakwai ba."

Ni'ima ta dafe ƙirji. Mansir ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Ba ni da su, Hafiza. Na san tara ta yi kaɗan, amma iyakar ƙarfina ke nan. In aka ce sha bakwai, bare ne zai saya, ya rushe ya yi shaguna. Inna ta koma ina?"

Maganar ta soke ta. Kwana uku tana awo, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ta dubi mahaifiyarsu da ke zaune a bakin ɗakinta tana jan carbi, ta dubi Ni'ima, wadda ƙaramin ɗanta ke barci a cinyarta. Sai ta rufe littafin.

"Da haka ka ce tun farko, Yaya, ai da mun zauna mun yi shawara. Ni kasona ba na sayarwa ba ne, ya zauna a ɗakin Inna. Ita ma Inna nata kason yana nan. Amma na Ni'ima a ba ta a kan gaskiyar gidan, ko da sai an raba biyan. Marayu take riƙe da su."

Baffa Modibbo ya gyaɗa kai. "Za a kira wani mai ƙiyasin, wannan karon ya shigo har madafa. In ya yi kusa da na Hafiza, a kansa za mu tsaya. Ka ji, Mansir?"

"Na ji, Baffa." Bai dubi kowa ba.

Da aka shafa fatiha, Inna ta yafito Hafiza, ta rage murya.

"Ke, tsakani da Allah, namu da na Salma wanne ya fi girma?"

"Namu, Inna. Da ƙafa talatin a tsawo kaɗai."

Tsohuwar ta gyara mayafinta.

"Shekara arba'in tana ce mini nata ya fi. Miƙo mini takalmina, in je in yi mata sallama tun ba ta tashi ba."